Takobi ɗaya ne, masu nemansa 80

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sai gangar kokowa ta soma tashi a Urno da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Haka abin yake a sauran garuruwan gundumar Madawa, haka yake a Buza da Keita. Samari su ɗaura walki, makaɗa su gyara ganguna, tsofaffi su nemi gindin icce su zauna, ƴan mata su yi layi suna jiran ganin wanda zai kai wani ƙasa. Wannan al'ada ta girmi duk wanda ke raye a yau. Abin da yake sabo shi ne tambayar da iyaye ke yi idan ɗansu ya fara yin suna a fili: shin wannan abu yana ciyar da gida, ko kuwa wasa ne da za a yi a bari?

Tambayar ba ta banza ba ce. Saurayin da ya kai shekara 20 a wannan yanki, idan damina ta wuce, hanyoyin da ke gabansa ba su da yawa. Ko ya shiga garkar albasa a kwarin Tarka, ko ya yi dakon buhuna a tashar manyan motocin da ke kai albasar Gana da Kodibuwa, ko ya ɗaure kaya ya tafi biɗa Najeriya, Abijan, Aljeriya ko Libiya. Tun da aikin raya karkara na Keita ya soma a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya, an ga mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, saboda maza sun tafi ci-rani. Ke nan ƙarfin samarin yankin ya daɗe yana fita waje neman mai saye. Idan har akwai hanyar da wannan ƙarfi zai zama sana'a a gida, ya kamata a dube ta da idon basira.

Amsar ita ce kokowa da sauran wasanni suna ciyar da gida, amma ba ta ƙofar da samari suka fi zuba wa ido ba. Kowa takobi yake hange, alhali kuwa takobi ɗaya ne a shekara, kuma yawancin waɗanda ke cin abinci da wasa ba su taɓa riƙa shi ba.

Yadda kokowar ƙauye ta zama ta ƙasa

A garin Tawa aka yi kokowar ƙasa ta farko a shekarar 1975, zamanin mulkin Seini Kunce, shekara ɗaya bayan sojoji sun karɓi mulki, ƙasa kuma tana fitowa daga fari da yunwa. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ne ya ɗauki takobin farko. Daga nan aka mai da gasar ta zama mai zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan, sunaye irin su Kadade na Tawa, Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida ta hanyar rediyo. An gina manyan filayen kokowa a hedikwatocin jihohi, aka raɗa musu sunayen tsofaffin zarata: na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Tawa kuwa sunan Hamidin Mai Dare.

Wannan canji ya taɓa aljihun ɗan kokowa. A da ladarsa ita ce suna, da goro, da ɗan abin da masu kallo suka manna masa a goshi, wani lokaci kuma budurwa ta zaɓe shi. Da gwamnati ta shiga cikin lamarin, sai aka fara maganar rawani da doki da takobi da kuɗi masu kauri. A ƴan shekarun nan kyautar sarkin kokowa ta kai miliyoyin sefa, ban da abin da gwamnoni, ƴan kasuwa da kamfanonin wayar salula ke ƙarawa a kai. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen shekarar 2023, abin da wani bai taɓa yi ba kafinsa. Yaron da ya ga wannan a talabijin ba za a zarge shi ba idan ya ce shi ma can ya nufa.

Lissafin da samari ba su son yi

Sai dai ɗan kasuwa ba ya shiga ciniki sai ya yi lissafi, kuma lissafin takobi yana da nauyi. Jihohi 8 ne ke shiga gasar, kowace jiha da ƴan kokowa 10, jimilla 80. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jihar Tawa kaɗai tana da mutane fiye da miliyan 3 da dubu 300, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. A cikin wannan taro ne za a fitar da mutum 10. Saurayin Urno sai ya fara gagarar tsaransa a ƙauye, sannan ya fito a zaɓen gunduma a Madawa, sannan ya je Tawa ya gamu da zaratan Ƙonni, Illela, Buza, Keita da sauran gundumomi. Idan Allah ya sa ya shiga cikin 10 ɗin, to a filin ƙasa kaye ɗaya ya isa ya fitar da shi daga neman takobi, ko da kuwa zai ci gaba da kokowa don ɗaukaka sunan jiharsa. Cikin kwanaki kamar 10, mutum 79 za su koma gida ba tare da takobi ba.

Ba a ce waɗannan 79 hannu rabbana suke komawa ba. Akwai kuɗin kaye, akwai kyaututtukan masu kallo, akwai gayyata zuwa kokowar bukukuwa a cikin ƙasa da kuma arewacin Najeriya, inda ƴan kokowar Nijar ke da farin jini. Wasu kuma wata jiha ce ke jawo su su yi kokowa da sunanta, ta ba su masauki da abin sakawa a baki. Amma duk wannan kuɗin lokaci ne, yana zuwa da sanyi ya tafi da bazara, ba albashi ba ne da za a jira a ƙarshen wata. Kuma kafin ya iso aljihun mai shi, hannuwa da yawa sun riga sun miƙo: makaɗi da maroƙi, malamin da ya yi addu'a da mai ba da laya, ƴan rakiya, dangi da abokai. Ɗan kokowa ba ya iya hana kyauta, domin rowa tana kashe suna a fili fiye da kaye.

Abu na biyu shi ne gajartar lokaci. Ɗinki, ƙira ko kasuwanci, mutum yana tsufa yana ƙara gwaninta. Kokowa kuwa jarinta jiki ne, jiki kuma yana da wa'adi. Wanda ya yi shekara 10 zuwa 15 yana kan ganiyarsa ya yi sa'a, idan gwiwa ko kafaɗa ko ƙugu ba su ci amanarsa tun da wuri ba. Ranar da aka karya shi a fili, ba wata hukumar da ke ci gaba da biyansa, kuma gonar da ya saba nomawa da wannan jiki ita ma ta tsaya. Duk garin da ya taɓa fitar da ɗan kokowa ya san tsohon da aka taɓa yi wa kiɗa da kirari, yau kuma yake zaune a bakin kasuwa yana jiran wanda zai tuna da shi. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya isa wane tsoron Allah.

Waɗanda ke cin abinci a gefen fili

Wanda ya ɗauke ido daga tsakiyar fili ya dubi gefe zai ga inda sana'a mai ɗorewa take. Akwai alƙalan wasa da masu riƙe da agogo da rajista. Akwai masu horo, waɗanda yawancinsu tsofaffin ƴan kokowa ne da suka iya magana da yara. Akwai likita da mai tausa. Akwai masu ba da labari a gidan rediyon ƙasa da gidajen rediyon karkara, waɗanda muryarsu ke kai kokowa har ruggar da ba ta da talabijin. Akwai cali-cali masu ba jama'a dariya, da maɗinkan da ke ɗinka rigunan jihohi, da masu tuwo da masu motocin haya. Waɗannan mutane ba a yi musu kirari, amma bara sun ci abinci da kokowa, bana sun ci, baɗi ma in da rai za su ci, ko wane ne ya ɗauki takobi.

A cikin duk waɗannan ayyuka, wanda ya fi tabbas shi ne na mushen wasanni a kwaleji da lise. Hanyarsa a sarari take. A Yamai akwai makarantar ƙasa ta matasa da wasanni, wadda aka sani da INJS, inda ake horar da malaman motsa jiki da jami'an kula da matasa. Ana shigarta ta hanyar jarrabawa, kuma jarrabawar tana neman abu biyu tare: takardar shaidar karatu, BEPC ko BAC gwargwadon matakin da ake nema, da kuma jiki mai iya gudu da tsalle. Wanda ya fito daga can yana iya koyarwa, yana iya aiki a ofisoshin matasa da wasanni na jiha ko na gunduma, yana iya zama mai horo ko alƙalin wasa mai takarda. Ko da ya fara da kwantiragi, kamar yadda malamai da yawa ke farawa, ya dai taka matakalar da za ta iya kai shi ga lambar ma'aikaci da fansho.

A nan ne yaron ƙauye ke yin asarar da ba a gani. Sau da yawa wanda ya fi kowa ƙarfi a aji shi ne wanda ake fara cirewa daga lakwal, domin shi ne ya fi amfani a gona. Idan ya girma, sai a tarar yana da jikin da INJS ke nema, amma ba shi da takardar da za ta buɗe masa ƙofa, ɗan birnin da bai kai shi ƙarfi ba ya shige ya bar shi a waje. Haka abin yake wajen ɗaukar soja, jandarma, ɗan sanda ko garde: ana gwada gudu da lafiyar jiki, amma kafin a kai ga gudun sai an ajiye takardu bisa tebur. Na farko a cikinsu ita ce takardar haihuwa. Uban da bai yi wa ɗansa ita ba, ko bai je gidan shari'a ya nemo masa wadda ke maye gurbinta ba, ya rufe masa ƙofar jarrabawa da ta lasisin wasa da ta fasfo baki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙwallon ƙafa da tarkon dillalai

Ba kokowa kaɗai ke cikin zuciyar samari ba. A kowane fegi na Madawa, Buza da Keita akwai yara masu buga ƙwallo da yamma, sanye da rigunan ƙungiyoyin Ingila da Sifen. Ƙungiyar ƙasa, Mena, ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ta koma a 2013. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019, kuma yaranta sun buga kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Indiya a 2017. Musa Ma'azu ya buga wasa a Rasha da Faransa. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana nuna ƙasar ba ta rasa masu baiwa ba.

Amma wanda ya dubi jerin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a gasar ƙasa zai lura da wani abu. Da yawa daga cikinsu na ma'aikatu ne: ta sojoji, ta jandarmomi, ta garde, ta ƴan sanda, ta duwan, ta kamfanin wutar lantarki Nigelec, ta kamfanin man fetur Sonidep. Dalili shi ne kuɗin tikitin ƴan kallo ba ya isa ya riƙe ƙungiya, sai wadda ke da uwa a bayanta mai biyan kuɗin mota da masauki da alawus. Kusan dukkansu kuma a Yamai suke. Ma'anar wannan ga yaron Urno ita ce ƙwallo ba za ta same shi a ƙauye ba, sai ya bi ta wasannin makarantu da gasar jiha har wani mai ido ya gan shi. Nan ma lakwal ce gada.

Inda hanya ta yi tsawo, nan masu yanke ke samun kasuwa. A duk faɗin Afirka ta Yamma an san mutanen da ke zuwa da jaka da hotuna a waya, su ce su wakilan ƙungiyoyin Turai ne ko na ƙasashen Larabawa, su nemi iyaye su biya kuɗin biza da na jirgi da na gwaji. A sayar da sa, a jinginar da garka, yaro ya tafi, ya wayi gari a wani otal a baƙuwar ƙasa, dillali ya ɓace, biza ta ƙare, kunya ta hana shi komowa gida. Ƙa'idar da za ta tsare iyaye mai sauƙi ce: ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ce ke aiko da takardar gayyata, ita ce ke ɗaukar nauyin tafiya. Duk wanda ya ce a fara ba shi kuɗi, a kai maganarsa ofishin wasanni na gunduma ko hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, a tambaya ko an san shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Darasin lambobi biyu

Tarihin Nijar a wasannin Olimpik yana da darasi ga mai neman sana'ar wasa. Isaka Dabore ya ciyo lambar tagulla a dambe a birnin Munik na Jamus a 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin wata lamba ta sake zuwa, lokacin da Abdurrazak Isufu Alfaga ya ciyo ta azurfa a wasan taikwando a Riyo ta ƙasar Barazil a 2016, sannan ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017. A cikin waɗannan shekaru 44 ba ƙarfafa aka daina haifa a ƙasar ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai horo, da wurin horo, da abinci, da likita, da wanda zai ɗauki nauyin yaro shekara da shekaru kafin ya kawo komai. Alfaga kansa sai da ya samu tallafi ya je ya yi horo a Jamus kafin ya kai inda ya kai.

Ko a kokowar ma akwai ƙofar waje da ba kowa ya sani ba. A gasar takobi ba a duba nauyi, ƙarami yana iya faɗawa hannun wanda ya ninka shi. Amma a kokowar ƙasashen CEDEAO, wadda Nijar ke shiga a da, da wadda aka yi a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai cikin watan Disamba na 2005, ana aza ƴan kokowa bisa sikeli, kowa ya kama da tsaransa. Saurayi mara nauyi mai dabara, wanda da wuya ya kai ƙarshen gasar takobi, yana iya sanya rigar ƙasa ya ciyo lamba a ajinsa. Sai dai wannan yana bukatar mai horon da ya san dokokin, da ɗan kokowar da ke da takardun tafiya.

Sabuwar kasuwa a cikin gari

Akwai kuma wata sana'a da ta taso a birane, wadda ma'aikata da ƴan kasuwa su ne masu sayenta. Mutumin da ke wuni a ofis ko a shago, ya hau babur ko mota ya koma gida, ya ci tuwo ya kwanta, likita ya fara yi masa maganar hawan jini da ciwon suga. Maganar likitan ba ta wuce biyu ba: a rage gishiri da maiƙo da zaƙi, a motsa jiki. Shi ya sa da asuba ake ganin manyan mutane suna zagaya filin wasa na Janar Seini Kunce a Yamai, ɗakunan motsa jiki kuma suna buɗewa a manyan garuruwa. Garin da ke da asibiti da makarantu da ofisoshi da manyan dillalan albasa, irin Madawa, ba zai rasa masu wannan bukata ba, maza da mata.

Wannan aiki ya dace da tsohon ɗan wasa, amma ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa. Horar da saurayi mai shirin kokowa daban ne da tafiyar da alhaji mai shekara 55 wanda zuciyarsa ta fara gajiya. Wanda bai san bambancin ba yana iya kashe mutum da niyyar gyara shi. Mai son wannan sana'a sai ya koyi yadda jiki ke aiki, da taimakon gaggawa, ya kuma saba da tura mutum wurin likita kafin ya aza masa ƙarfe. Haka nan ana bukatar mata masu wannan ilimi, domin matan aure da yawa ba za su yarda namiji ya horar da su ba, mazajensu ma ba za su yarda ba. Yarinyar da ta iya gudu a kwaleji, aka bar ta ta yi karatu, tana da kasuwar da ba mai yi mata gasa.

Rabon ƴan kasuwa da ma'aikata

A ƙasar Senegal, tun daga tsakiyar shekarun 1990, zamanin Muhammadu Ndawo da ake kira Taisan, kokowa ta zama babban ciniki. Masu shirya wasa ne ke ƙulla karo tsakanin zarata biyu, a rubuta yarjejeniya, kamfanoni su zuba kuɗi don a ga sunansu, har manyan ƴan kokowa suka kai ga karɓar fiye da miliyan 100 na sefa a karo ɗaya. A 2018 aka buɗe musu babban filin kokowa na ƙasa a Pikin, kusa da Dakar. Tasu kokowar da naushi ake yin ta, kuma ta zo da nata matsaloli, saboda haka ba komai nata ne abin kwaikwayo ba. Abin ɗauka a ciki shi ne rubutacciyar yarjejeniya da wasa a kai a kai. A Nijar kokowa tana cika ƙasa kwana 10, sannan filayen su koma wurin kiwon awaki har wata shekara.

Ƴan kasuwar wannan yanki ba su taɓa yin rowa ga ƴan kokowa ba. Alhaji yana iya miƙewa a fili ya ba da jika 100 ko babur, maroƙi ya kai sunansa sama, jama'a su yi tafi. Ba a hana wannan ba, amma kyautar da ta fi amfani ita ce wadda ba a shelarta. Wanda ya ɗauki ɗan kokowa ya ba shi aiki a sito ko a mota, ya bar masa lokacin horo, ya ba shi abin da zai dogara da shi ranar da gwiwa ta ƙi. Wanda ya sa shi ya sayi tumaki ko injin ban-ruwa da kuɗin kaye, kafin ƴan rakiya su cinye, ya yi masa abin da ya fi babur. Idan kuma dillalan albasa na Madawa da na Buza da na Keita suka haɗa hannu suka tsayar da gasa tsakanin gundumomin uku, da ranakun da aka sani, da alƙalai masu lada, da likita a bakin fili, to sun buɗe wa mutane da yawa hanyar abinci, sunansu kuma ya fi daɗewa a bakin jama'a.

Ma'aikata su ma da nasu. Hukumomin gari suna iya keɓe fili tun kafin masu yanka fegi su cinye shi, su kuma saka wasanni cikin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, ko da kaɗan ne. Daraktan makaranta yana iya hana a mai da awar motsa jiki lokacin share aji. Mai kula da rajistar haihuwa yana iya bin ƙauyuka ranar kasuwa. Jami'in matasa da wasanni yana iya kai sanarwar jarrabawar INJS gidan rediyon karkara da Hausa, maimakon ya manna ta da Faransanci a bangon ofis inda ɗan Urno ba zai taɓa ganinta ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar jiran umarni daga Yamai.

Uban da ɗansa ya fara kayar da tsaransa kuwa, bai kamata ya tsinke masa walki ba, bai kuma kamata ya cire shi daga aji don ya ga ƙarfinsa ba. Ya bar shi ya yi kokowarsa, ya nemo masa takardar haihuwa, ya tsaya a kan karatunsa, in karatun ya ƙi ya kai shi wurin mai sana'a. In Allah ya ƙaddara takobi rabonsa ne, karatu ba zai hana shi ɗauka ba, zai ma taimake shi ya karanta abin da ake sa shi ya sa wa hannu, ya kuma lissafa abin da ya samu. In kuwa yana cikin 79 ɗin da za su komo, ko cikin dubban da ba za su wuce Madawa ba, to zai tarar da aji, ko usur ɗin alƙali, ko shago, yana jiransa.

Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma sa a tashi fili lafiya.